Yadda ake karanta ƙuri'ar jin ra'ayi a zaɓen fid da gwanin jam'iyyar Rifablikan a Amurka

Duk lokacin da jam'iyyar Rifablikan ta masu ra'ayin riƙau ta shiga neman wanda zai tsaya mata takarar shugabancin Amurka, alƙaluma kan cika kafafen yaɗa labarai: wane yana da kashi 28, wane na bin sa da 23, wance ta zame zuwa ta uku. Yawancin masu karatu a nan suke tsayawa, alhali wannan lambar ta kanun labari ita ce ya kamata a duba daga ƙarshe. Ba ta da ma'ana sai ka san su wa aka tambaya, yaushe, su nawa ne, kuma ko su ne za su fito ranar zaɓe.

A Najeriya an saba daliget ne ke taruwa su fitar da ɗan takara. A Amurka masu zaɓe na gama-gari ne ke fita jiha-jiha, daga Janairu ko Fabrairu har zuwa Yuni, ƙuri'unsu kuma su ke raba daliget ɗin. Auna ra'ayinsu ya fi na babban zaɓe wuya. A babban zaɓe jam'iyyar mutum ta riga ta nuna inda zai dangwala, amma a zaɓen fid da gwani duk 'yan gida ɗaya ne, mutum na iya son 'yan takara uku lokaci guda, ya sauya sheƙa a daren jajibiri ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Shafin FiveThirtyEight, da ya daɗe yana gwada hasashe da sakamako kafin a rufe shi a 2025, ya lissafa cewa matsakaicin kuskuren irin waɗannan ƙuri'u yana kai maki 9 zuwa 10 a tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, wajen ninkin na babban zaɓe ke nan.

Mataki na farko: tabbatar da cewa bincike ne na gaskiya

Nemi sunan wanda ya gudanar da shi da sunan wanda ya biya kuɗin, don sau da yawa ba ɗaya ba ne. Jaridu, gidajen talabijin da jami'o'i irin su Quinnipiac, Marist, Siena da Suffolk sukan wallafa cikakken bayanin yadda suka yi aikinsu. In babu wannan bayanin, ajiye rahoton.

Binciken da kwamitin kamfen ɗin ɗan takara ya saki, ko wata ƙungiya mai tara masa kuɗi, ba lallai ƙarya ba ne, amma su ke zaɓar wanda za su fitar. Na ranar da suka ga abin da bai yi musu daɗi ba yana nan a aljihun tebur.

Sai ƙuri'ar gwaji ta wurin taro, wadda ta sha yaudarar mutane. A Agustan 2011 Michele Bachmann ta lashe ta garin Ames a jihar Iowa, inda 'yan takara kan sayi tikiti su kwaso magoya baya a motoci. Da aka zo zaɓen gaske a Janairun 2012 ta shida ta zo, washegari ta janye. Ron Paul ya ci ta CPAC, taron shekara-shekara na masu ra'ayin riƙau, a 2010 da 2011, ɗansa Rand Paul ya ci sau uku a jere daga 2013 zuwa 2015, kuma babu wanda ya sami tikiti a cikinsu. Abin da take aunawa shi ne wa ya iya cika zaure. Haka ƙuri'ar latsa-ka-zaɓa ta X ko Facebook: duk wanda ya ga dama ya shiga.

Mataki na biyu: su wa aka tambaya?

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, don nan ne aka fi yin ɓatan kai. Mai sayen hatsi da ya zura hannu a saman buhu kaɗai, ko sau nawa ya ɗiba, bai san abin da ke ƙasa ba. Yawan ɗibar ba ya gyara kuskuren wurin ɗibar.

Rukuni uku ake tambaya: duk wani baligi, masu rajistar zaɓe, ko waɗanda ake kyautata zaton za su fita zaɓen fid da gwani. Na ukun ne kake nema, musamman in zaɓe ya rage wata ɗaya ko biyu. Sai dai babu wanda ke da jerin sunayen waɗanda za su fita. Kowane kamfani kirdado yake yi: wani ya dogara da abin da mutum ya faɗa da bakinsa, wani ya duba kundin rajista na jiha ya ga ko ya fita a zaɓukan baya. Hanyar farko takan kwaso waɗanda za su ce suna zuwa su kuma kwanta a gida. Ta biyun takan zubar da sababbin shiga, irin waɗanda Donald Trump ya jawo a 2016.

Daga nan sai dokar jihar, wadda dole ka sani kafin ka karanta ko da lamba ɗaya.

A Iowa taron unguwa ake yi, wanda suke kira kokas. Mutum zai bar gidansa da ƙarfe bakwai na dare a tsakiyar hunturu, ya je makaranta ko coci, ya saurari jawabai, sannan ya rubuta sunan gwaninsa a takarda. Ba kowa ke da wannan juriyar ba. A 2016 mutum wajen 187,000 suka fita. A 15 ga Janairun 2024, cikin sanyi mai tsanani, wajen 110,000 ne kawai, kimanin kashi 15 cikin ɗari na 'yan jam'iyyar masu rajista. In mutum ɗaya cikin bakwai ne zai fito, gane wannan ɗayan shi ne duk aikin.

Dubi abin da ya faru a 2016. Binciken ƙarshe na jaridar Des Moines Register, wanda Ann Selzer ta gudanar, ya ba Trump 28, Ted Cruz 23, Marco Rubio 15. Daren zaɓe Cruz ya ci da kashi 27.6, Trump 24.3, Rubio 23.1. Babban dalili yana cikin teburin bayanan binciken kansa: Kiristoci 'yan ɗarikar Ibanjelika ba su kai rabin waɗanda aka tambaya ba, amma tambayar da aka yi wa mutane a ƙofar shiga ta nuna sun kusa biyu cikin uku na waɗanda suka zo, kuma wajen Cruz suka fi karkata. Saboda haka a Iowa da jihohin kudu, nemi wannan layin a tebur ka gwada shi da na zaɓukan baya.

A New Hampshire wanda bai yi rajista da kowace jam'iyya ba yana iya shiga zaɓen Rifablikan. A Carolina ta Kudu ba a ma rajistar jam'iyya, kowane mai zaɓe na iya zuwa. A Florida kuwa sai ɗan jam'iyya mai rajista. Ga yadda wannan ke juya lissafi. Mu ƙaddara 'yan jam'iyya suna ba ɗan takara na farko 75, na biyu 25, marasa jam'iyya kuma suna ba na farko 35, na biyu 65. In mai bincike ya ɗauka marasa jam'iyya kashi 30 ne na masu fitowa, zai buga 63 da 37, tazarar maki 26. In ya ɗauka kashi 45 ne, zai buga 57 da 43, tazarar maki 14. Amsoshin mutane ba su canza ba ko ɗaya, zaton mai binciken ne ya motsa maki 12. Kusan haka abin ya kasance tsakanin Trump da Nikki Haley a New Hampshire a 23 ga Janairun 2024, inda aka tashi 54 da 43, marasa jam'iyya kuma su suka riƙe Haley.

Mataki na uku: ranakun da aka yi tambayar

Ranar da aka wallafa daban, ranakun da aka kira mutane daban, kuma na biyun ne ke da amfani. Rubuta su, sannan ka tambayi kanka me ya faru tun daga lokacin: muhawara, janyewar wani, sakamakon wata jiha. Bayan Rubio ya yi rawar gani a Iowa a 2016, binciken New Hampshire ya riƙa nuna shi na biyu. A muhawarar 6 ga Fabrairu Chris Christie ya tsare shi a kan maimaita haddatattun kalamai. Kwana uku bayan nan ya zo na biyar. Duk binciken da aka rufe kafin daren muhawarar ya riga ya tsufa.

In kamfani ya raba sakamakonsa rana-rana, kada ka wuce wurin. Binciken Selzer na ƙarshen Disambar 2011 ya ba Mitt Romney 24, Ron Paul 22, Rick Santorum 15. Amma kwana biyun ƙarshe kaɗai sun nuna Santorum ya kai 21, ya wuce Paul. Wanda ya karanta wannan layin bai yi mamaki ba da Santorum ya ci Iowa da ratar ƙuri'a 34. Mai hawa a makon ƙarshe yakan wuce lambar da aka ba shi.

Mataki na huɗu: adadin mutane da gejin kuskure

Kowane rahoto na ƙwarai yana ɗauke da alamar ± da lamba a gabanta. Kana iya lissafa ta da kanka: buɗe kwakuletar wayarka, sa adadin waɗanda aka tambaya, danna alamar √, sai ka raba 98 da abin da ya fito. Mutum 1,000 za su ba ka ±3.1, mutum 600, ±4, mutum 400, ±4.9, mutum 100, ±9.8. Ma'anarta ita ce da za a maimaita binciken sau 20 ta hanya ɗaya, a sau 19 amsar za ta faɗa cikin wannan gejin.

Kurakurai uku ake yi a nan.

Na farko, gejin na lambar ɗan takara ɗaya ne, ba na tazarar da ke tsakanin biyu ba. Na tazarar ya fi girma: kusan ninki biyu in mutum biyu ne suka raba ƙuri'un, wajen ɗaya da rabi in fili ya cika da 'yan takara. A binciken nan na 2016 mai mutum wajen 600, gejin ±4 ne, amma na tazarar Trump da Cruz ya kai kusan 5.7. Ratar maki 5 da aka yi ta yayatawa ba ta ma fita daga gejin ba. Wannan ba ya nufin kunnen doki suke. Na gaba ya fi yiwuwar kasancewa a gaba, sai dai ba abin rantsuwa ba ne.

Na biyu, adadin da ke saman rahoto sau da yawa ba shi ne naka ba. Binciken ƙasa baki ɗaya na iya cewa an tambayi mutum 1,000, amma 'yan Rifablikan a ciki ba su wuce 400 ba, kuma su kaɗai aka yi wa tambayar fid da gwani. In aka ƙara yanka su aka ce matasa ko mata masu digiri, ƙila mutum 80 ko 100 suka rage. Labarin da ke cewa wane ya yi fintinkau a tsakanin matasa, in a kan mutum 90 aka gina shi, iska ce.

Na uku, gejin ba ya lissafa kuskuren mataki na biyu, ba ya lissafa waɗanda suka ƙi ɗaga waya, ba ya lissafa masu sauya ra'ayi. Shi ne mafi ƙarancin kuskuren da za a iya yi. Ninka shi biyu a ranka, za ka fi kusa da gaskiya.

Ƙananan 'yan takara kuwa, mayar da kason zuwa kawunan mutane. Don shiga muhawarar farko ta Agustan 2023 a Milwaukee, uwar jam'iyya ta nemi kashi 1 a binciken da ya tambayi aƙalla mutum 800. Kashi 1 na 800 mutum takwas ne. Wanda ya tashi daga 1 zuwa 2 bai ninka farin jininsa ba, mutum takwas ne suka ƙaru a cikin waɗanda aka dace da samu.

Mataki na biyar: ta wace hanya aka same su, yaya aka daidaita su?

Cibiyar Pew ta nuna cewa masu amsa binciken waya sun faɗo daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. Shi ya sa yanzu ake haɗa kiran waya da saƙon tes da intanet. A na intanet, bambanta tsakanin wanda kamfani ya zaɓo mutane da kansa ta hanyar canke daga adireshin gidaje, da wanda mutane suka kawo kansu don a biya su ɗan abu. Na farkon ya fi inganci.

Tunda masu amsawa ba su yi daidai da jama'a ba, ana ƙara wa wasu nauyi a rage wa wasu. Duba ko an daidaita da matakin ilimi. Masu digiri sun fi amsa tambayoyi, kuma a jam'iyyar Rifablikan tun 2016 ilimi na cikin manyan layukan da suka raba ta: marasa digiri sun fi bin Trump, masu digiri sun fi sauraron irin su John Kasich, Rubio da Haley. Binciken da bai kula da wannan ba zai kumbura ɓangare ɗaya.

Mataki na shida: karanta abin da ke ƙasan lambar farko

Tara kason duka 'yan takara. In ya tsaya a 80, kashi 20 ba su yanke shawara ba, kuma sun isa su kifar da kowace tazara. Duba kuma ko an karanta wa mutane sunayen ko an bar su su faɗa da ka, da ko akwai sunan wanda bai ma shiga takarar ba.

Tambayoyi huɗu sun fi lambar farko faɗin gaskiya. Ko ka yanke shawara, ko ana iya shawo kanka? Ɗan takara mai 25 da yawancin mutanensa suka kafe ya fi mai 30 da rabin nasa ke leƙen waje. Wa ne zaɓinka na biyu? Wannan ne ke nuna inda ƙuri'u za su kwarara in wani ya janye. A 2023 mutane da yawa sun riƙa tara kason duk abokan hamayyar Trump suna cewa in sun dunƙule za su kayar da shi, alhali tebur na nuna yawancin masu son Ron DeSantis da Vivek Ramaswamy Trump ne zaɓinsu na biyu. Da suka janye a Janairun 2024, dukansu biyu shi suka mara wa baya.

Ta uku ita ce farin jini da baƙin jini. Wanda mutane da yawa ba su san shi ba yana da filin girma. Wanda kowa ya sani kuma rabin jam'iyya ba ta son sa ya kusa kai wa iyakarsa. Christie ya yi fama da wannan a 2023.

Ta huɗu ita ce zumuɗi, kuma a jihar kokas tana da nauyi ƙwarai. Binciken Selzer na ƙarshe a 2024 ya ba Trump 48, Haley 20, DeSantis 16, kanun labarai suka ce Haley ta ƙwace matsayi na biyu. A cikin rahoton kuwa an nuna yawancin magoya bayanta ba su ɗokin fita sosai. Daren sanyin DeSantis ne ya zo na biyu da 21, Haley 19, Trump 51.

Mataki na bakwai: duba kalanda

Babu ranar da Amurka gaba ɗaya ke zaɓen fid da gwani, don haka binciken ƙasa baki ɗaya yana auna zaɓen da ba za a yi ba. Shekara guda kafin a fara, galibi sanin suna yake aunawa. Rudy Giuliani ya shafe yawancin 2007 yana kan gaba, ya yi sakaci da jihohin farko ya jira Florida, ya zo na uku, ya janye bai ci jiha ko ɗaya ba. John McCain ne ya ɗauki tikitin. A 2011 Rick Perry, Herman Cain da Newt Gingrich kowanne ya yi tashensa na 'yan makonni ya sauka. Scott Walker ya jagoranci Iowa a tsakiyar 2015, kafin ƙarshen Satumba ya bar takarar.

Kada wannan ya kai ka ga raina duk wanda ke gaba. A 2015 masana da yawa sun ɗauka Trump ma tashe ne irin na Cain, amma ya riƙe gaba wata bayan wata, a ƙasa da kuma yawancin jihohin farko. Abin dubawa shi ne girman kason da daɗewarsa. Mai 25 a fili mai mutum goma yana cikin haɗari. Mai sama da 50 da ya riƙe ta tsawon watanni, kamar Trump a ƙarshen 2023, da wuya a kamo shi.

Mataki na takwas: kada ka rataya a kan bincike ɗaya

Tara uku zuwa biyar na kwanan nan daga kamfanoni daban-daban, ka haɗa ka raba, ko ka duba matsakaicin da shafin RealClearPolitics ke fitarwa. Wanda ya yi hannun riga da saura shi ya fi samun kanun labari, kuma shi ya fi yiwuwar zama kuskure. In kana son sanin ko wani na hawa ko sauka, gwada binciken kamfani da nasa na baya, don kowane kamfani yana da ɓangaren da hanyarsa ke ɗan rinjaya. Motsin maki 2 ko 3 bai isa labari ba sai kamfanoni da dama sun nuna shi tare.

Mataki na tara: mayar da kaso zuwa daliget

Da daliget ake cin tikiti: 1,237 a 2016, 1,215 a 2024. Kowace jiha da dokarta. Iowa na raba su daidai da kason kowa, don haka tazarar maki 3 can ba ta wuce bambancin daliget ɗaya ko biyu ba. A Carolina ta Kudu a 2016 Trump ya sami kashi 32.5 kacal, amma ya kwashe duka 50, saboda ana ba wanda ya zo na ɗaya a jiha da kuma a kowace mazaɓar majalisa. Florida ta ba shi duka 99 da ƙasa da rabin ƙuri'u, abin da ya kawo ƙarshen takarar Rubio a jiharsa ta haihuwa.

Wasu jihohin suna da shinge: sai ka kai wani kaso, sau da yawa 15 ko 20, kafin ka sami ko ɗaya. A irin waɗannan, mai 19 da mai 21 ba kusa suke ba. Wasu kuma suna ba da duka ga wanda ya haura rabi, kamar California a 2024 mai daliget 169. A can, bar kallon tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Duba ko na gaban ya wuce 50, ka cire gejin kuskure daga lambarsa, ka ga ko har yanzu yana saman layin.